Sabon shiga wasan golf: tambayoyi da amsoshi kan gyaran bugu

Tambayoyin nan a bakin filin atisaye na tsinto su, daga bakin mutanen da ba su daɗe da fara riƙe sandar golf ba, wasan da gidajen rediyo ke kira ƙwallon lambu. Da yawa daga cikinsu ni ma na yi su a shekarar da na fara, ina ɗan arba'in da 'yan kai, lokacin da ƙwallo ɗaya cikin biyar ce kawai ke tashi sama. Bayanin duka na mai buga wasa da hannun dama ne, wanda kafaɗarsa ta hagu ke kallon inda yake son ƙwallo ta je. Bahago sai ya juya komai.

Ina da ƙarfi, amma yaron da bai kai rabin nauyina ba ƙwallonsa na wuce tawa nesa ba kusa ba. Me ya sa?

Ƙwallon golf ba ta kai giram 46 ba. Abu marar nauyi haka ba ƙwanji yake buƙata ba, gudun kan sanda yake buƙata, da kuma a same shi a tsakiyar fuskarta. Wanda ya taɓa tsaron gona yana yaro ya san majajjawa: hannu kaɗan yake motsi, dutsen da ke ƙarshen igiya shi ke gudu, kuma da zarar ka sandare hannu jifar ta lalace. Haka sandar golf take. Gudun daga ƙasa yake tasowa. Ƙafa ta taka, ƙugu ya juya, ƙirji ya bi, hannuwa su biyo baya, kan sanda ya iso a ƙarshe kamar bakin bulala. Wanda ya fara wasa da girmansa yakan birkita wannan jeri, ya fara da kafaɗa da damtse kamar mai faskare, sai sandar ta ƙarar da gudunta tun ba ta iso wurin ƙwallo ba.

Na ga haka da idona a makon farko. Wani kadi, wato yaron da ke ɗaukar jakar sanduna, siriri da silifas a ƙafa, ya karɓi ayan, wato sanda mai kan ƙarfe, mai lamba 7 daga hannuna, ya kaɗa ta kamar ba ya so. Ƙwallo ta yi wani ƙara mai taushi, ta tashi, ta sauka bayan allon yadi 150. Ni kuwa tun safe nake gumi ban wuce 90 ba. Ya miƙo mini sandar ya ce, "Yallaɓai, faɗa kake yi da ita. Saki hannunka, sandar ta san aikinta."

To daga ina zan fara gyara?

Daga riƙo. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma yawancin bugun da ya ɓaci ya ɓaci ne tun sanda ba ta motsa ba. Hannuwanka kaɗai ke taɓa sandar, su ke yanke inda fuskarta za ta kalla a lokacin da ta haɗu da ƙwallo.

Fara da hannun hagu. Ka kwantar da mariƙin a kan yatsu, ya ratsa daga gindin ƙaramin yatsa zuwa tsakiyar manuni, tudun tafin hannu ya hau kansa ya danne. In ka sunkuya ka kalli bayan hannun, ya kamata ka ga ƙullin yatsu biyu ko uku. Sannan hannun dama ya zo ƙasa da shi, tafinsa ya lulluɓe babban yatsan hagu. Tsagar da ke tsakanin babban yatsa da manuni, a hannuwan biyu, ta nufi kafaɗarka ta dama.

Safar hannunka za ta gaya maka gaskiya. In ka ga tana hudewa a tudun tafi bayan 'yan makonni, sandar tana zaune a tafinka maimakon yatsu, tana kuma motsi a lokacin bugu. Game da matsewa, ka riƙe ta kamar ɗan tsako, kada ya kuɓuce, kada kuma ka shaƙe shi. In jijiyoyin damtsenka sun fito, ka matse da yawa.

Sabon riƙo ba ya daɗi. Kwana goma ko sati biyu na farko za ka ji kamar ba hannunka ba ne, bugunka ma zai iya ƙara lalacewa kafin ya gyaru, kuma a nan ne mutane da yawa ke komawa gidan jiya. Ka ajiye sanda ɗaya a falo, kana jin labarai kana ɗora hannu kana saukewa, har yatsun su saba.

Na ga wasu suna sarƙe yatsu, wasu suna ɗora ɗaya kan ɗaya. Wanne ne daidai?

Duka daidai ne. Ɗora ƙaramin yatsan dama a kan manunin hagu shi ake kira riƙon Vardon, da sunan Harry Vardon wanda ya ci gasar Open ta Birtaniya sau 6. Sarƙewa kuwa ita ce ta Jack Nicklaus da Tiger Woods, masu manyan kofuna 18 da 15. Yara da masu ƙaramin hannu za su iya sa yatsu goma duka a kan mariƙi. Ka zaɓi wanda ya zauna maka ka daina canzawa.

Yaya zan tsaya?

Ka buɗe ƙafafu daidai faɗin kafaɗunka. Ka duƙa daga ƙugu, bayanka a miƙe, ɗuwawu ya ɗan fita baya, gwiwoyi su ɗan saki. Hannuwa su rataya ƙasa da kansu, inda suka tsaya nan ne mariƙi zai kasance, kuma tsakanin ƙarshen mariƙi da cinyarka a sami kamar faɗin tafin hannu. Nauyinka ya zauna a tsakiyar tafin ƙafa. In wani ya ɗan ture ka daga gaba ko daga baya ka yi tangaɗi, tsayuwar ba ta yi ba.

Wurin ƙwallo yana canzawa da sanda. Gajerun sanduna, wato weji (sandar gajeren bugu mai tashi sama) da ayan 9 da 8, ƙwallo a tsakiyar ƙafafu. Ayan 7 zuwa 5, ta ɗan matsa hagu kaɗan. Direba, babbar sandar da ake yawan yin bugun farko na rami da ita, ƙwallo daidai da cikin diddigen hagu. Abin da nake roƙon kowane sabon shiga shi ne ya daina dogara da ido a kan wannan. Ka shimfiɗa sanda ɗaya a ƙasa tsakanin ƙafafunka ta nuna ƙwallo. Za ka yi mamakin yadda take yawo daga bugu zuwa bugu alhali kana rantsuwa wuri ɗaya ka ajiye ta.

Ina buga ta da kyau amma ba inda na nufa take zuwa ba. Saiti ne?

Sau da yawa shi ne. Ka tuna da layin dogo: ƙarfe ɗaya ya tashi daga ƙwallo zuwa tutar da ke kan rami, ɗayan kuma shi ne layin yatsun ƙafarka, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa ba sa haɗuwa. Mai koyo yakan nufi tuta da jikinsa, sai fuskar sanda ta koma tana kallon dama da tutar. Dabarar da aka san Nicklaus da ita tana da sauƙi. Ka tsaya bayan ƙwallo, ka nemi wani ɗan ganye ko tsakuwa kamar taku ɗaya a gabanta a kan layin tuta, ka saita fuskar sanda da wannan abin, sannan ka gyara ƙafafu. Fuska tukuna, ƙafafu daga baya.

Ƙwallona ba ta tashi. Ko ta gangara a ƙasa kamar ɓera, ko in sari ƙasa a bayanta ta yi tsalle ɗaya ta tsaya. Me nake yi ba daidai ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce muhimmanci a nan, kuma matsalolin biyu uwarsu ɗaya. Kan sanda yana zana da'ira ne a kusa da jikinka, kuma da'irar tana da wurin da ta fi yin ƙasa. Ga mai koyo, wannan wuri yana faɗuwa a bayan ƙwallo. In sandar ta nutse a can, ka sari ƙasa. In jikinka ya ji tsoron ƙasar ya janye hannu, sandar ta riga ta fara hawa sama kafin ta iso, sai gefenta ya daki ƙwallo a ka, ta gangara.

Me ke jawo haka? Son ɗaga ƙwallo. Zuciya tana gaya maka cewa in ana son abu ya tashi, sai an shiga ƙarƙashinsa an kwaso shi kamar da cokali, sai ka jingina nauyinka a ƙafar dama, ka karya wuyan hannu. Alhali maƙerin sandar ya riga ya gama wannan aikin. Fuskar ayan 7 a kwance take da digiri 30 zuwa 34, ta weji wajen 45 zuwa sama. Wannan kwanciyar ita ke tada ƙwallo. Aikinka shi ne sandar ta iso tana kan sauka, ta taɓa ƙwallo tukuna, sannan ta taɓa ƙasa. In ka kalli ƙwararru a talabijin, ɓallin ciyawar da ke tashi bayan bugunsu daga gaban inda ƙwallo take yake fitowa, ta wajen tuta.

Ga atisayen da ya canza mini wasa, kuma ko ƙwallo ba ya buƙata. Ka ja layi a ƙasa da tsinke, ka tsaya layin yana tsakiyar ƙafafunka. Ka ɗora nauyi kaɗan fiye da rabi a ƙafar hagu. Ka ɗaga sanda zuwa ƙugu kawai, ka sauke, kana neman alamar da za ta bari ta fara a kan layin ta yi gaba. Ka duba, ka matsa taku ɗaya a kan layin, ka sake. Ranar farko da na yi, alamomi goma da na bari sun watsu kamar sawun kaji, bakwai a bayan layin, ɗaya ma da tazarar taƙi guda. A ranar na fahimci abin da ya sa nake buga ɗaya mai kyau biyar marasa kyau: ba ni da masaniyar inda sandata ke sauka. Sai ka iya jera takwas cikin goma a kan layi ko a gabansa, sannan ka ɗora ƙwallo a kan layin ka ci gaba da abin da kake yi, kamar ba ta nan.

Kowa yana ce mini ina ɗaga kai. In danne shi ne?

A'a. Wannan shawara ta ɓata bugun mutane fiye da yadda ta gyara. Wanda ya manna haɓarsa a ƙirji ya ƙi motsi, kafaɗunsa ba za su juya ba, nauyinsa ba zai koma hagu ba, wuyansa kuma zai yi ciwo. Annika Sorenstam, 'yar ƙasar Suwidin da ta ci manyan kofuna 10 ta kuma kammala zagaye ɗaya na rami 18 da bugu 59 kacal a 2001, kanta yana juyawa wajen tuta tun sanda ba ta gama isa ƙwallo ba. Abin da abokanka ke gani shi ne jikinka duka yana miƙewa, duƙawar da ka yi daga ƙugu tana warwarewa. Ita za ka riƙe har ƙwallo ta tafi. Ka yi atisaye ba sanda, ɗuwawunka na taɓa bango, ka juya dama ka juya hagu ba tare da ya rabu da bangon ba.

Duk bugun da na yi da direba sai ta lanƙwasa ta yi dama, ta shiga daji. Akwai magani?

Akwai. 'Yan wasa suna kiran wannan silayis, kuma kusan kowa ta nan ya bi. Na'urorin auna bugu irin su TrackMan, ta wani kamfanin ƙasar Denmak, sun nuna cewa inda fuskar sanda ke kallo shi ke da kashi 75 zuwa 85 cikin 100 na inda ƙwallo za ta fara nufa. Lanƙwasar kuma tana zuwa daga saɓanin da ke tsakanin inda fuska ke kallo da inda kan sanda ke tafiya. Mai silayis sandarsa tana yanko ƙwallo daga waje zuwa ciki, wato tana tafiya hagu, fuskar kuma tana kallon dama da wannan hanya. Sai ƙwallo ta ɗauki juyi a karkace.

Abin da mutum ke fara yi shi ne ya ƙara nufar hagu don ya ba ta wuri, wannan kuwa ƙara yankar yake yi, cutar ta ƙaru. Ka bi ta a jere. Da farko fuska: ka juya hannuwanka biyu kaɗan zuwa dama a kan mariƙi har ka ga ƙullin yatsu uku. In ƙwallo ta fara tafiya hagu kai tsaye, kada ka damu, rabin aikin ya yi. Sannan hanya: ka ajiye gorar roba marar ruwa a ɗan bayan ƙwallo, ta can waje da ita, inda sandar da ke yankowa za ta buge ta. Ka yi ta bugu a hankali ba ka taɓa gorar ba. Jiki da kansa zai nemo hanyar ciki.

Ka kuma duba inda ƙwallo ke taɓa fuskar. Ka goga alli ko hoda a fuskar direba ka buga biyar. Bugun da ya sauka kusa da wuyan sanda shi ma yana lanƙwasa ƙwallo dama, ko da komai naka daidai ne.

Da wace sanda ya kamata in koya?

Ayan 8 ko 7, da rabin ɗagawa. Direba ita ce mafi tsawo, fuskarta ta fi kowacce miƙewa in ban da fota (sandar gangara ƙwallo cikin rami), digiri 9 zuwa 12 kawai, don haka ita ce ta fi tona asirin kuskure. Bugunta ma daban ne: ƙwallo tana kan ɗan tsinken da ake kira ti, ana share ta ne sanda tana fara hawa. Na san daɗin jin ƙararta, na san kuma sabon shiga ba ya jin ya yi golf in bai zaro ta ba. Ka bar mata ƙwallo goma na ƙarshe a kwandon.

Ana ce mini ina sauri. Ta yaya zan rage ba tare da na rasa nisa ba?

Saurin da ake nufi yana a wuri ɗaya ne, inda ɗagawa ke ƙarewa saukewa ta fara. Masu nazarin bidiyon ƙwararru sun lura cewa ɗaga sanda yana ɗaukar kusan ninki uku na lokacin sauke ta, duka biyun kuma kusan daƙiƙa ɗaya ne. Mai koyo yakan fizgo sandar tun ba ta gama hawa ba. Ka kalli mace mai daka da ta ƙware. Taɓarya tana hawa, ta ɗan yi kamar za ta tsaya a sama, sannan nauyinta ya sauko da ita, kuma dukan na ɗari daidai yake da na farko. Ka ƙirga ɗaya, biyu, uku kana ɗagawa, huɗu a kan ƙwallo.

Gwaji biyu za su nuna maka matsayinka. Ka haɗe ƙafafu wuri ɗaya ka buga, in ka yi fizga za ka faɗi. Sannan a kowane bugu ka tsaya a ƙarshe har daƙiƙa uku, nauyi a ƙafar hagu, kan bel ɗinka na kallon tuta, ƙafar dama a kan yatsu. Wanda bai iya tsayawa haka ba ya zuba ƙarfin da ya fi abin da ƙafafunsa za su ɗauka.

In kwaikwayi wani ƙwararre ne?

Ka kwaikwayi abin da suka haɗu a kai. Jim Furyk yana ɗaga sanda ta wata karkatacciyar hanya da babu malamin da zai koya maka, amma ya kammala zagaye da bugu 58 a 2016. Jon Rahm na Sifaniya ɗagawarsa gajeriya ce saboda matsalar ƙafa da aka haife shi da ita. Phil Mickelson na-dama ne a komai amma da hagu yake buga golf, don yana ƙarami ya tsaya gaban mahaifinsa yana kwaikwayonsa kamar a madubi. In ka tsayar da bidiyonsu daidai lokacin da ayan ta taɓa ƙwallo, za ka ga abu ɗaya: nauyi a ƙafar gaba, ƙugu ya buɗe wajen tuta, hannuwa sun ɗan riga kan sanda.

A filin atisaye ina bugawa lafiya, da na shiga zagaye sai komai ya watse. Me ya sa?

Dalili na farko tabarmar roba ce. In ka sari bayan ƙwallo a kanta, sandar tana zamewa ta isa ƙwallo, bugun ya fito kamar mai kyau. Ƙasa ba ta yin wannan rangwame. Duk inda aka yarda a buga daga ƙasa, can za ka tsaya.

Na biyu, a filin atisaye kana buga ƙwallo talatin a jere da sanda ɗaya, ta biyar tana gyara ta huɗu. A zagaye kuwa bugu ɗaya ne, sai tafiya, sai wata sanda daban, ga mutane uku suna kallonka. Don haka ka raba kwandonka biyu. Rabin farko na gyaran abu ɗaya tak, ba uku ba. Rabi na biyu ka buga kamar kana zagaye: direba, sai ayan 6, sai weji, kowanne da abin da ka nufa, kowanne ka koma bayan ƙwallo ka saita daga farko. Wannan ɗan tsarin na kafin bugu, in ya zauna maka, shi za ka riƙe ranar da gabanka ke faɗuwa a rami na farko. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya: ranar zagaye ba ranar gyara ba ce, ka buga da abin da ka zo da shi.

Filinmu da rani ƙasa ce tauri kamar siminti, ga iskar hunturu. Akwai abin da zan canza?

Akwai, kuma a ganina wanda ya koya a irin wannan ƙasa ya yi sa'a, don ba ta barin kowa ya saba da sarar baya. Ka matsar da ƙwallo baya kaɗan, ka ƙara nauyi a hagu. Ka yi hankali da wejin yashi. Sandar da Gene Sarazen ya shahara da ita tun 1932 an yi mata tudu a gindi don kada ta nutse a yashi, kuma wannan tudun a busasshiyar ƙasa tsalle yake sa ta, gefenta ya daki ƙwallo a ciki ta wuce rami da gudu. Kusa da rami ka ɗauki ayan 8, ka buga ta ƙasa-ƙasa ta gangara, ko ma fota in hanyar a share take.

In kana fuskantar iska, ka ɗauki sandar da ta fi tsawo ka rage ƙarfi. Bugu da ƙarfi yana ƙara wa ƙwallo juyi, ta hau sama, iska ta dawo da ita. Ƙura kuma tana sa mariƙi santsi, santsi yana sa matsewa, don haka ka wanke mariƙan da ruwa da sabulu lokaci lokaci. A filayen da babu ciyawa kewaye da rami, sai yashin da aka cakuɗa da mai wanda ake kira burawun, ƙwallo ba ta gangara kamar a ciyawa, sai ka ƙara wa fota ƙarfi. In kuma wasa ya kai ka Jos, filin Rayfield da aka kafa a 1913 zamanin haƙar kuza, ka sani garin yana kan tudun da ya kai mita 1,200, iskar can ba ta da kauri, ƙwallo tana ɗan ƙara nisa.

Sau nawa zan yi atisaye a mako?

Minti ashirin sau huɗu ya fi awa uku ranar Asabar kaɗai. Vijay Singh na ƙasar Fiji, wanda ya ci gasar Nigerian Open a Legas a 1988 kafin ya zama na ɗaya a duniya a 2004, an san shi da wuni a filin atisaye, amma shi sana'arsa ke nan. Kai mai zuwa aiki, layin ƙasa a tsakar gida bayan la'asar da riƙo a falo da dare sun isa su ɗauke ka nesa. Ka sa wani ya ɗauke ka bidiyo da waya, sau ɗaya daga gabanka, sau ɗaya daga bayan ƙwallo a tsayin hannu. Abin da kake ji kana yi da abin da kake yi suna da tazara mai ban mamaki.

Sai na sayi cikakkiyar jaka?

Doka ta yarda da sanduna 14, mai koyo shida ko bakwai sun ishe shi: direba ko wata mai babban kai da ta fi ta gajarta, ayan 6 da 8, weji biyu, da fota. Na hannu ba laifi. Ka nemi ayan masu faɗin gindi da rami a baya, sun fi yafe bugun da bai sami tsakiya ba. Ka duba harafin da ke jikin sandar: R matsakaiciya ce, S mai tauri ce ta masu gudun bugu, kuma yawancin masu koyo R ce tasu. In robar mariƙi ta yi ƙyalli ta sandare, a canza ta.

Malami zan nema ko bidiyon intanet ya isa?

Bidiyo bai ganin ka. Yau wani ya ce ka yi kaza, gobe wani ya ce akasinsa, kuma kowannensu da irin mai cutar da yake magana da shi. Darasi uku ko huɗu a farko wajen malamin kulob sun fi ashirin bayan kuskure ya zauna, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kada kuma ka raina kadinka. Da yawa daga cikin ƙwararrun 'yan golf na Najeriya daga ɗaukar jaka suka taso. Ka tambaye shi abin da ya gani, ka kuma kyautata masa a sallama.

Bayana da gwiwar hannuna suna ciwo bayan wasa. Haka abin yake?

Gajiya daban, ciwo daban. Ka ɗumama jiki minti goma kafin bugu na farko, ka fara da weji da ƙananan bugu. Ciwon gwiwar hannu yakan zo daga matse mariƙi da yawan sarar ƙasa mai tauri, na baya kuma daga jingina baya a ƙarshen bugu. In ya wuce 'yan kwanaki, ko ya sauka ƙafa, ka ajiye sanda ka ga likita. Zagayen rami 18 tafiyar awa huɗu ce a rana, ka riƙe ruwa da hula.

Ni mace ce, akwai abin da ya bambanta a wajena?

Hajiya, ƙa'idar ɗaya ce. Ki nemi sanduna masu harafin L in na maza sun yi miki nauyi ko tsawo, ki sa hijabin da ba zai sarƙe hannu ba in kin juya. A abin da na gani, mata sun fi saurin kama lokacin bugu, don ba sa zuwa da niyyar nuna ƙarfi.

Yaushe zan fara buga ƙasa da 100?

Lissafin ya fi yadda kake tsammani sauƙi. Yawancin filaye an ƙayyade musu bugu 72 a rami 18. In ka ƙara bugu ɗaya a rami tara, ka ƙara biyu a sauran taran, ka tashi da 99. Ba ka buƙatar bugun burgewa ko ɗaya. Abin da ke hana mutane shi ne ramukan da ake tashi da 9 ko 10: ƙwallo ta ɓace, a kasa samunta cikin minti 3 da doka ta bayar tun 2019, a ci tarar bugu a koma baya, ko a nemi ratsa ta tsakanin itatuwa maimakon a fito da ita fili. Ka ƙirga komai da gaskiya, har bugun da ka kai wa ƙwallo ka sami iska, shi ma ɗaya ne. Tsarin handikaf na duniya da aka fara a 2020, wato rangwamen bugu da ake yi wa ɗan wasa gwargwadon iyawarsa, yana karɓar mai koyo har zuwa 54, don haka za ka iya shiga gasar kulob tun kana wannan mataki.

A gefen katinka ka riƙa rubuta abu uku a kowane zagaye: ƙwallo nawa ka ɓatar, sau nawa ka sari ƙasa ko ka daki kan ƙwallo, da ramuka nawa ka yi bugun fota uku. Bayan zagaye biyar, wanda ya fi yawa cikin ukun shi za ka kai filin atisaye a mako mai zuwa.